Amsa ga ɗan'uwan da ya koma sitik yake shan kashi

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce sati biyu ke nan da ka bar hannu (kwantirolar gem da ake riƙewa) ka koma sitik, wato akwatin nan mai sanda da maɓallai, yaran da kake lallasawa a Tekken 8 yanzu su ke cin ka, har kana tunanin sayar da ita. Abin da ya same ni ke nan sak, sai dai ni a bainar jama'a aka yi min.

Tun Tekken 6 nake buga Kazuya, ɗaya daga cikin mayaƙan gem ɗin, da hannu. Na yi wata da watanni ina tari kafin na sayi sitik 'yar gwanjo. Ko sati uku ban cika da ita ba aka shirya 'yar gasa a wani gidan gem a Samaru, zumuɗi ya ɗebe ni na ɗauke ta na tafi. Aka haɗa ni da yaron da ni na koya masa yadda ake tare duka. In na ja baya sai Kazuya ya yi tsalle, ilektirik, naushin nan nasa mai walƙiya, ko ɗaya ya ƙi fita, hannuna sai rawa yake. Na roƙi mai wajen ya bar ni in jona hannu a zagaye na biyu, ya ce ba zai yiwu ba. Wannan duk bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Sai mai wajen ya zo ya ɗaga sitik ɗin sama yana nuna wa mutane, yana cewa ga wanda ya sayi kaya bai sayi iyawa ba. Mutumin da na shekara uku ina kai wa ciniki! Garin dariya ya sake ta ta faɗi, wayar ta tsinke daga ciki. Ko sannu bai ce min ba. Na hau keke-napep na rungume ta, har Kwangila ban san inda hankalina yake ba. Wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari ne ya liƙe min wayar, Allah ya saka masa. Har yau ban sake taka wajen nan ba.

To kar ka sayar. Kuma kar ka fita da ita gaban mutane tukuna, don Allah. Ina kyautata zaton taka irin sandar kamfanin Sanwa na Japan ce, faifan da ke ƙarƙashinta mai kusurwa huɗu ne, kai kuwa babban yatsanka ya saba da dannawa da ƙarfi, shi ya sa kake buga sandar har bango ta zame kusurwar sama. Sassauta. Da ka ji ƙas ɗin nan, umarni ya riga ya shiga. Shiga wajen atisaye ka kunna abin da ke nuna abin da ka danna, ka yi minti 20 mayaƙinka na hagun allo, 20 yana dama. Ɓangaren dama ne ya fi ba ni wahala, ni sai da na yi kusan wata uku kafin na dawo yadda nake.

Masu cewa sai da sitik ake zama gwani ma ba gaskiya suke faɗa ba. Arslan Ash ɗan Pakistan da sitik ya ci Tekken a EVO, babbar gasar gem ɗin faɗa, na Japan da na Amurka a 2019, amma Punk da hannu ya ci Street Fighter 6 a EVO 2024. Mortal Kombat kuwa har gobe da hannu nake yi, saboda maɓallin tarewa ya fi zama a yatsa.

Af, in hunturu ya zo, ka riƙa rufe ta da ƙyalle, ƙurar Zariya na shiga maɓallan su fara maƙalewa. In ɗaya ya mutu ba sai ka jefar da ita ba, masu milimita 30 ne, cire su ake a sa wasu. Kuma ka ɗora ta a cinya ko teburin da ba ya motsi. Sandar Koriya mai roba da 'yan Tekken ke yabo, bar ta tukuna sai hannunka ya zauna.

In kana ta wajen Kwangila ka yi min magana ta ciki, ranar Asabar bayan la'asar ka zo da ita mu buga mu biyu, in ga yadda kake riƙonta.