Wace kalma ce ta gajiya mai haruffa 5?

Malam, ka ce a wasan cike gurbin kalmomi an ba ka "matuƙar gajiya", gurbi 5, harafin ƙarshe s. Ina ganin liƙis ce ko tiɓis. Dukansu ana jingina su da gaji: ya gaji liƙis, ta gaji tiɓis. Abin da zai rikita ka shi ne harafi na biyu da na huɗu duk i ne, don haka sai ka duba kalmar da ta ratso gurbin farko, l ta kawo ko t.

In kuma ka ci karo da gurbi 6, a nan ne ake zamewa, domin gajiya, kasala da jigata duk sun shiga. Amma fa ba ɗaya suke ba. Gajiya bayan aiki take zuwa, shi ya sa ake gaida wanda ya dawo daga gona da "ina gajiya?" Kasala kuwa mutuwar jiki ce, tana kama mutum ko bai ɗaga tsinke ba, musamman da rana lokacin azumi. Jigata ta fi su nauyi, sai wanda wahala ko doguwar jinya ta ci ƙarfinsa.