Amsa ga ƙanwata mai son karatun gyaran zaman aure da iyali

Ƙanwata, saƙonki ya iso, sai yau na samu zama. Kin ce kin gama lisansi a ilimin halayyar ɗan Adam a jami'ar Abdou Moumouni, kin komo gida Maradi, kuma kina son zuwa Amurka ki yi masta a irin aikina, ki kuma san reshen da za ki ƙware a kai. Ina gajiyar karatu?

Bari in fara da abin da zai iya tare miki hanya. Lisansinmu shekara 3 ne, nasu digirin farko shekara 4, don haka wasu jami'o'in za su ce sai kin ƙara shekarar farko ta masta. Za a aika takardunki wurin masu tantancewa irin su WES, ga jarrabawar Turanci, TOEFL ko IELTS. Tun 2025 kuma Amurka ta tsananta batun biza ga ƴan Nijar, ki fara bincika wannan kafin Baba ya sayar da ko tunkiya ɗaya. Bursu a matakin masta ba ta da yawa, a dokta ne aka fi samun tallafi.

Karatun kansa shekara 2 zuwa 3 ne. Ki nemi shirin da hukumar COAMFTE, mai tantance irin wannan karatun, ta amince da shi. Bayan takardar ma ba a gama ba: sai kin yi aiki ƙarƙashin mai duba ki, a Kalifoniya awa 3,000, ki ci jarrabawa, sannan a ba ki lasisin LMFT, wato izinin aikin gyaran zaman aure da iyali. Lasisin nan na jiha ne. In kin sauka Maradi da shi ba wanda zai tambaye ki, abin da ke kanki ne kawai zai yi miki aiki.

Shi ya sa nake son ki ji abin da ya same ni a zangon farko. An sa mu zana taswirar dangi, wadda ake amfani da ita a tsarin Murray Bowen, ɗaya daga manyan malaman fannin: murabba'i namiji, da'ira mace, layi tsakaninsu aure, a koma baya har kakanni. Ƴan ajinmu rabin takarda ya ishe su. Ni kuwa Baba da matansa uku, da wadda ta fita, da ƴaƴan riƙo, da Gwaggo da aka yi wa auren zumunci, sai da na liƙa takarda huɗu. Malamar ta tsaya kaina ta ce wace ce uwata a ciki. Na ce ta haihuwa ko ta goyo? Ranar na gane littattafan nan an rubuta su ne kan gidan miji ɗaya, mata ɗaya. Ba kishiya, ba facala, ba rabon kwana, ba uwar miji a tsakar gida. Amma kada ki raina su. Wani babban malamin fannin, Salvador Minuchin, ya yi magana kan iyakoki da wa ke riƙe da iko a gida, kuma duk wadda ta ga amarya ta rasa ta cewa kan tukunyarta saboda surukuwa ta san zancen.

Rassan suna da yawa. Akwai na ma'aurata zalla, inda hanyar Sue Johnson ta Kanada ta yi suna, akwai na yara da matasa, akwai na shaye-shaye, kin dai san abin da tiramol ke yi wa samarinmu. Ni da zan sake zaɓe, biyu zan duba. Na farko aikin iyali a asibiti: ki tuna matan da ke zuwa asibitin Danja neman maganin yoyon fitsari, likita zai ɗinke, amma wa zai zauna da miji da danginsa a kan komawarta ɗakinta? Na biyu kula da iyalan da tashin hankali ya girgiza, irin waɗanda suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato zuwa wajen Gidan Rumji tun 2019.

Dokta kuwa kada ki yi gaggawarta. PhD ta bincike da koyarwa ce, DMFT, doktar gyaran zaman aure da iyali, ta fi karkata ga aiki da jagorancinsa. Ki fara zama da mutane tukuna.

In Turancin ya yi nauyi, a Faransa mafi yawa sai an zama masanin halayya da masta 2 sannan a ɗora horon gyaran zaman iyali a kai, kuma takardunmu sun fi tafiya da tsarinsu.

Kafin duk wannan, ga aikin da zan ba ki. Gida in aure ya rikice wurin waliyyai ake zuwa, ko liman, ko fada, da su za ki yi aiki in kin dawo. Ki roƙi Kawu ya bar ki ki zauna gefe in ana sulhu, ki kama bakinki, ki lura wa ke fara magana, wa ba a tambaya. Ki rubuto mini abin da kika gani bayan wata ɗaya, da shi za mu gina takardar neman gurbinki.

Ki gaida Inna da su Baba.

Yayarki