Tambaya da Amsa: Dusar Ƙanƙara a Gindin Tsauni

Tambaya: Malam, ina zaune a gindin tsauni. Manhajar wayata ta ce dusar ƙanƙarar da za ta sauka santimita 5 ce, da gari ya waye sai ga kusan 30 a bakin ƙofa, alhali mutanen kwari ruwa kawai suka samu. Masu hasashen ne ba su iya ba?

Amsa: Ba rashin iyawa ba ne, tsaunin ne ke rikita lissafi. Idan iska mai danshi ta ci karo da tsauni, dole ta hau, tana hawa tana sanyi, kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Sai ta sauke kayanta a ɓangaren da ke fuskantarta, bayan tsaunin kuwa ya tashi a tutar babu. Shi ya sa farkon abin dubawa shi ne daga ina iskar za ta kaɗo.

Na biyu, tsayin wurin da kake. Dusar ƙanƙara kan iso ƙasa ko da ma'auni na nuna digiri 1 ko 2 sama da sifili, domin ba ta narkewa nan take. Iyakar ruwa da dusa kan sauko mita 200 zuwa 300 ƙasa da inda sanyi ya kai sifili, kuma idan zubar ta yi ƙarfi takan ƙara saukowa. Kuskuren digiri ɗaya tak ya isa ya mai da ruwa dusa.

Sai yawanta. A ƙa'ida, ruwan santimita 1 kan ba da dusa santimita 10, amma in sanyi ya tsananta yakan kai 15 ko 20. Ita kuwa manhajar waya, galibi daga manyan tsare-tsaren kwamfuta take kwaso lamba, waɗanda ke yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗin kilomita 9 zuwa 13. A cikin gida ɗaya ga ƙololuwa ga kwari, sai a haɗa a raba daidai. Ko rada ma, wato na'urar da ke hango ruwa da dusa daga nesa, tsauni kan tare mata gani. Ka riƙa karanta bayanin ofishin hasashen yankinku, ka nemi tsayin da aka ce dusa za ta fara, ka kwatanta da na gidanka. Adadin da aka faɗa saura kwana biyar, kada ka ɗaura aure da shi.

Tambaya: Yaushe ake cewa guguwar dusa ta kai ta haɗari?

Amsa: Ba yawan zuba ake aunawa ba. A Amurka, sai iska ta kai gudun kilomita 56 a awa, ba a hangen abin da ya wuce mita 400, kuma a shafe awa uku a haka. Dusar da ke kwance ma iska na iya tayar da ita ta rufe ido.

Tambaya: Idan mota ta maƙale a hanyar tsauni fa?

Amsa: Kada ka fita neman taimako da ƙafa. Ka share dusar da ta toshe bakin salansa, in ba haka ba hayaƙi mai guba zai komo cikin mota, kuma ba shi da wari. Ka tayar da inji minti 10 a kowace awa, ka ɗan sauke gilashi, ka bar fitilar ciki a kunne idan dare ya yi.