Aikin dare ga kuma goyo: shin akwai illa?

'Yar'uwa, kin ce ke ma'aikaciyar jinya ce, kin koma aikin dare da jaririn wata huɗu, kina tambaya ko rashin barcin nan zai taɓa lafiyarki. Gaskiya zai iya, kuma kin yi daidai da kika damu.

Jiki yana da agogonsa. Da duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki sinadarin melatonin mai kawo barci, hasken fitilar ɗakin marasa lafiya kuwa danne shi yake yi. Shi ya sa barcin rana ba ya gamsar da mutum kamar na dare. Bincike ya danganta daɗewa ana aikin dare da ciwon suga, hawan jini da ƙiba. A 2007 cibiyar binciken ciwon daji (kansa) ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta saka aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo ciwon daji, ta sake tabbatar da haka a 2019.

Amma abin da ya fi damuna a kanki shi ne yanzu. Mai jego da ba ta samun barci ta fi saurin faɗawa ciwon damuwa. In kin ga kuka yana zuwa miki ba dalili, ko abinci ya fita ranki, ki ga likita.

Da kin dawo da safe, ki shayar da shi, ki miƙa wa kakarsa ko maigida, ki saki labule mai kauri, ki kashe waya. Ki samu awa huɗu a jere ko da sauran za ki cike da azahar. Shayi da kofi kuma ki bar su tun tsakar dare.