Amsa ga ƙanwata da hunturun Winnipeg ya gundura

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da haƙuri. Na karanta saƙonki: wannan ne hunturunki na farko a Kanada, ga Maris ya yi nisa amma dusar ƙanƙara na nan jibge a ƙofar gida, yara sun ƙosa da zaman ɗaki, ke ma kasala da ɓacin rai sun dame ki, kina so ki san yaushe abin zai wuce.

Bari in gaya miki gaskiya don ki daina duba taga kowace safiya. A kalanda bazara na shigowa wajen 20 ga Maris, amma lardin Manitoba, inda Winnipeg take, ba ya bin kalanda. Za ki ga kwana uku rana ta buɗe, ruwa na ɗiga daga rufi, sai ki wayi gari iska ta juyo daga arewa komai ya sake daskarewa. Tsofaffin garin nan har gobe suna ba da labarin farkon Afrilun 1997, lokacin da guguwa ta sauke dusar ƙanƙara kusan rabin mita, bayanta kuma kogin Red ya yi ambaliyar da ba a manta ba. Don haka kada ki ninke jaket da safar hannun yara ki kai ma'ajiya. Maigida ma kada ya yi gaggawar cire wa mota tayoyin hunturu sai zafin gari ya tsaya sama da digiri 7 na ma'aunin Celsius a kai a kai. Ni a wurina wannan tsakanin ya fi Janairu wuya, domin a Janairu mutum ya riga ya sallama, yanzu kuwa rai ya kwaɗaitu.

Abin da ya fi taimakona shi ne na koma lura da haske, na bar ƙirga sanyi. A Disamba yinin garin nan awa 8 ne da 'yan mintoci, yanzu ya kai 12, a Yuni zai haura 16. Ga shi an tura agogo gaba da awa ɗaya tun Lahadi ta biyu ta Maris, magariba ta yi nisa. Wannan hasken na bayan la'asar kada ki bari ya wuce ki kina kan kujera. Ki shirya yaran ku fita ko zagayen unguwa ne, kullum, ko da ranki bai so. Sai dai ki kula da santsi, musamman da safe, don ruwan da ya narke jiya ya zama gilashi a kan hanya. Ki sa musu takalmin roba mai tsawo da wandon da ruwa ba ya ratsawa, ki ƙyale su su taka caɓin son ransu, wanki dai ne. A bakin ƙofa ki ajiye faranti na roba na zuba takalma, in ba haka ba gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara zai ɓata miki daɓe. Ranar da iska ta yi tsanani akwai laburare, kyauta ne. In da hali ku je The Leaf a lambun Assiniboine, ciki ɗumi ne da danshi da itatuwan ƙasashen zafi. Ranar da na fara shiga na ga ganyen ayaba sai da hawaye ya zubo mini.

Cikin gida kuma, hita ta busar da iska tun Nuwamba, shi ya sa kike ganin haɓo ga yara, da faso, da tarin dare. Man kaɗanya bayan wanka, da na'urar sa danshi a ɗakin barci, suna rage abin sosai. Ki riƙa buɗe taga na ɗan lokaci da rana iska ta sauya. Idan gidan naku mai ɗakin ƙasa ne, ku kwashe dusar da ta jingina da bango, ku duba indararo yana zubar da ruwa nesa da gini, ku gwada famfon da ke fitar da ruwan ƙasa tun narkewar ba ta kankama ba. Buhun shinkafa da akwatunan kaya a ɗora su kan katako.

Maganar kasalar nan kuwa ban ɗauke ta da wasa ba. Ranar hunturu a nan ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da bitamin D, mu masu baƙar fata abin ya fi taɓa mu. Ki ga likitanku ku yi maganar. Idan kuma kin ga barci ya rikice, abinci ya fita ranki, kuka na zuwa ba dalili har mako biyu ko fiye, ki faɗa masa ɓaro-ɓaro, ciwon damuwa ne mai magani, ba raunin imani ba. Ki kuma daure ki riƙa zuwa masallaci ko gidan wata 'yar'uwa, kaɗaici shi ke ƙara wa abin nauyi.

Ga wani aiki da zai ɗebe muku kewa ke da yaran: renon iri a taga. Attaruhu da tattasai yanzu ne lokacinsu don suna da nawa, tumatir farkon Afrilu. Robar yogot da aka huda gindinta ta isa, a ajiye a tagar da ke kallon kudu, kowane yaro da tasa yana ba ta ruwa. Amma dashe a waje sai bayan hutun ranar Victoria, wato ƙarshen Mayu, attaruhu ma gara ya kai farkon Yuni, don sanyin dare ɗaya ya isa ya kashe shi. Ina da ragowar irin alayyahu da yakuwa na bara, in kina so ki yi mini magana in kawo miki ranar Juma'a.