Kayan zaƙin gyaɗa mai hawa uku: me za a saya, me za a bari a kanti?

Tambaya: Ina so in haɗa kayan zaƙin nan na Amurkawa mai hawa-hawa, wanda ba a gasawa. In sayi markaɗaɗɗiyar gyaɗar kwalba ta kanti, ko wadda na kai inji ta isa?

Amsa: 'Yar'uwa, duk biyun suna yi, sai dai halinsu ya bambanta. Yawancin na kwalba an sa musu mai mai daskarewa da sukari da gishiri, shi ya sa suke tsayawa cak. Ta inji kuwa man yana tasowa sama. In ita za ki yi amfani da ita, ki soya gyaɗar, ki murje ɓawon, ki tsince duk wadda ta yi funfuna ko ta yanƙwane, a markaɗa ta yi laushi ba tare da ɗigon ruwa ba. Ki tsiyaye man da ya taso, ki juya sauran sosai, ki sa ɗan gishiri. Tunkuza ba za ta yi ba, an riga an matse mata mai, sai hawan ya riƙa marmashewa.

Ga awo na faranti mai zurfi, santimita 20. Ƙasa: biskit giram 250 a daka, a cuɗa da narkakkiyar bota giram 100, a danna da gindin kofi, a sa a firji minti 30. Tsakiya: markaɗaɗɗiyar gyaɗa giram 200, cuku mai laushi na shafawa giram 200, garin sukari mai laushi giram 80, a buga su haɗu, sannan a zuba bugaggen kirim mililita 250 a juya a hankali da cokali. Bayan awa ɗaya a firji sai na sama: cakulan giram 150 a narka cikin kirim mai zafi mililita 120, a bari ya huce kafin a zuba.

Tambaya: Nawa ya kwana a firji amma tsakiyar ta ƙi tsayawa. Madarar gwangwani na sa maimakon kirim.

Amsa: Nan matsalar take, Hajiya. Madarar gwangwani ba ta da kitsen da zai riƙe kumfa. Ki duba jikin kwali: kirim na bugawa sai kitsensa ya kai kashi 30 cikin 100 ko fiye, wanda aka rubuta na girki ne kuma ki bar shi. Ya kwana a firji, kwanon bugawar ma ya yi sanyi. Da kin ga ya tsaya a jikin abin bugawa, ki dakata. In kika zarce zai tsinke ya koma bota. Garin kirim da ake haɗawa da madara mai sanyi ya fi araha, ya kuma fi jure zafi, amma da zaƙinsa yake zuwa, don haka ki rage sukari rabi.

In cukun ya yi tsada, ki juye yogot marar sukari a tsaftataccen ƙyalle, ki ɗora a kan mataci cikin firji ya kwana yana tsiyaya. Zai ɗan yi tsami, kuma tsamin yana yi wa gyaɗa kyau. Bota ta roba mai laushi kuma ba ta ɗaure biskit kamar ta dunƙule.

Tambaya: Wutarmu ba ta tsayawa. Zan iya yi wa walima?

Amsa: Sai kin tabbatar da sanyi na awa 6 a jere. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kamar awa 4, in ba a buɗe shi ba. Mafi sauƙi ki zuba a ƙananan kofuna masu murfi, ki jera a kula da ƙanƙara, kin huta da yanka. Lokacin zafi kada ya wuce awa ɗaya a waje. Ki kuma faɗa wa baƙi akwai gyaɗa a ciki, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta ko kaɗan, har takan toshe musu numfashi.