In sayar da kayan rak ɗina in sayi sabon amfilifaya?

Tambaya

Malam, barka da aiki. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kaɗa jita da kayan rak, wato na'urorin sauti daban-daban da ake jerawa a akwati ɗaya: firiyam Marshall JMP-1, na'urar ifet TC Electronic G-Major mai ƙara wa sauti eko da makamantansa, fawa mai bawul (ƴan kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti) mai wat 100 kowane gefe, fedar MIDI a ƙasa da nake takawa in sauya saitin kayan, da akwati mai sifika huɗu. Kwanan baya na gwada wani sabon amfilifaya mai bawul, wat 50, canel biyu (wato murya iri biyu), na ji kamar ban taɓa jin jitata ba sai ranar. Kuɗinsa ba zai fito ba sai na sayar da rak ɗin gaba ɗaya. Ga nauyi ya fara cin bayana, kuma yawancin wasanmu a ƙananan ɗakuna ne. In sayar, ko in haƙura?

Amsa

Ɗan'uwa, barka kadai. Kada ka sayar tukuna, kuma in sayarwar ta kama, kada ka sayar da su rana ɗaya. Abu biyu ka haɗa a wasiƙarka, sauti da nauyi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ina zargin cewa a cikin kayan nan biyar, ɗaya ne kawai ya gundure ka, sauran huɗun laifinsa ne ya shafe su. Aikinmu shi ne mu gano wanne ne.

Mu fara da ranar da ka yi gwajin. Ka ji sabon amfilifaya a wani ɗaki daban, a kan wani akwatin sifika daban, kuma mai yiwuwa da ƙarfin da ba ka saba buɗe naka ba. Kowanne cikin ukun nan shi kaɗai ya isa ya ruɗi kunne. Kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: in aka ba shi sauti biyu iri ɗaya, aka ɗan ɗaga ɗaya kaɗan, sai ya ce wanda aka ɗaga ya fi kauri da daɗi. Sifika kuwa ita ce bakin da kayan duka ke magana da shi. Ɗauki biyu daga kamfanin Celestion: Vintage 30 tana da kaifi a tsakiyar murya, tana ratsa ganga da bes ta fito, Greenback mai wat 25 ta fi taushi, kuma tana saurin yin gurnani. Ka haɗa amfilifaya ɗaya da kowaccensu, sai ka rantse na'ura biyu ce. Sau da yawa mutum yakan sayi sabon kai, wato amfilifaya mara sifika a jikinsa, ya kai shi gida, ya ɗora a kan tsohon akwatinsa, sai ya ji rabin abin da ya burge shi ya ɓace, domin a akwatin da ya baro yake.

Sa'ar da ka yi ita ce rak ya riga ya rarraba maka abin da amfilifaya ke haɗawa a jiki ɗaya. Kowane amfilifaya na jita hawa uku ne: firiyam mai tsara murya da gurnani, fawa mai ba ta ƙarfi, sai sifika mai fitar da ita. Don haka kana iya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi aron sabon, ko haya, ko ka ɗauki kayanka ka je inda yake. Da farko ɗora shi a kan akwatinka, bayan ka tabbatar om ɗinsu, lambar da ke rubuce a bayan kowanne, ya dace, 8 da 8 ko 16 da 16. In daɗin ya tafi, to sifika kake buƙata, ba amfilifaya ba. In yana nan, sai ka ɗauko waya daga JMP-1 ka soka a ramin Return da ke bayan sabon, ramin ifet da ke shigar da sauti kai tsaye cikin fawansa. Yanzu firiyam naka ne, fawa nasa. Sannan ka juya: daga ramin Send na sabon, mai fitar da sautin firiyam ɗinsa, zuwa fawa ɗinka. A nan ka yi hattara, ko da ba ka son jin sa, kada ka kunna amfilifaya mai bawul babu sifika ko wani lodi a haɗe da shi, taransifomarsa na iya ƙonewa, kuma ita ce mafi tsada a cikinsa. Kowane gwaji ka kaɗa abu ɗaya, ka daidaita ƙarfin, ka ajiye wayarka a wuri guda ta ɗauka. Kada ka saurara a ranar. Ka bari sai washegari, sha'awa ta ɗan lafa.

In ka tambaye ni inda nake sa ran laifin zai faɗo, zan ce a fawa. Wat 100 kowane gefe kayan babban dandamali ne. A ƙaramin ɗaki ba ka isa ka buɗe shi ba, da ka taɓa maɓallin kaɗan mawaƙi zai juyo ya harare ka. Bawul ɗin fawa kuwa, EL34 ne ko 6L6, sai an ɗan matsa musu suke ba da wannan laushin da ke bin yatsa, in ka daki igiya da ƙarfi ta yi gurnani, in ka sassauta ta wanke. Shekara goma sha ɗaya kana tuƙa babbar mota a giya ɗaya. Amma kada ka ɗauka wat 50 rabin ƙara ne. Tsakanin wat 100 da wat 50 desibel 3 ne kacal a ma'aunin ƙara. Kafin kunne ya ji an raba ƙara biyu sai an rage wat kusan sau goma. Wat 50 ma zai iya fin ƙarfin ɗakunan da kake faɗa, sai dai in yana da maɓallin masta mai kyau, wato mai daidaita ƙara gaba ɗaya, ko hanyar rage ƙarfi. Ba banza ba Fender Deluxe Reverb mai wat 22 da Vox AC30 suka daɗe a hannun masu wasa a ƙananan wurare. Ka duba wannan kafin ka biya, don kada ka gudu daga ciwo ka tarar da ƙaninsa.

Sai maganar shekaru. JMP-1 ya fito a 1992, yana ɗauke da ƙananan bawul biyu ECC83. Yaushe rabonka da canza su? Yaushe rabon a canza na fawa a kuma saita musu bayas, wato yawan wutar da ke ratsa su? Yawanci bawul ba ya mutuwa farat ɗaya, dusashewa yake yi a hankali, kaifin murya ya tafi yau kaɗan gobe kaɗan, mai shi bai sani ba saboda kunnensa na tafiya tare da shi. Haka kwandensa ke bushewa bayan shekaru masu yawa, su kawo gunji da raunin ƙasan murya. Akwai kuma ɗan batir a cikin irin waɗannan na'urori, shi ke riƙe saitin da ka adana; ranar da ya mutu, aikin shekaru ya tafi.

Wani makaɗi ya taɓa kawo mini rak ɗinsa in duba kafin ya sa a kasuwa, ya ce muryar ta mutu, kamar an rufa wa sifika bargo. Na buɗe murfin baya, na tarar da wayoyi sun sarƙe kamar gidan tsuntsu, wasu an naɗe su da salatif, wayar sauti kwance a kan ta wuta. Ban taɓa sukudireba ba. Na zare komai, na ɗauko waya ɗaya mai kyau daga firiyam kai tsaye zuwa fawa, na miƙa masa jitar. Ya kaɗa sau biyu, ya tsaya, ya kalle ni. Ashe na'urar ifet ɗinsa ce aka cika wa shigarwa, ɗan jan fitilarta na ƙiftawa duk lokacin da ya daki igiya, ga kuma wata waya ɗaya mai tsatsa a baki. Ya koma da kayansa. Kai ma ka yi wannan gwajin yau da dare, ba ya cin ko sisi: cire G-Major daga layin gaba ɗaya, da waya, ba da maɓallin tsallakewa ba, ka ji firiyam da fawa su kaɗai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

To, a ce ka yi duk wannan, sabon ya ci gaba da rinjaye. Me za ka rasa? Abin da aka ƙirƙiri rak dominsa. Bayan MIDI ta fito a 1983, masu kaɗa wa situdiyo a Amurka, irin su Steve Lukather da Michael Landau, suna buƙatar sauya murya nan take, daga wankakkiya mai eko zuwa mai gurnani, da taki ɗaya. Bob Bradshaw ya yi suna wajen haɗa musu irin waɗannan akwatuna, sannan ADA MP-1 ya fito a 1987 da wurin adana saiti 128, ya kawo abin hannun kowa. JMP-1 ɗinka yana adana 100. Sabon da kake so yana da canel biyu. Don haka ka buɗe fedarka ka ƙirga tsakaninka da Allah: saiti nawa ka taka a wasanni biyar na ƙarshe? Yawancin waɗanda na yi wa wannan tambayar sukan yi dariya su ce uku ko huɗu. In kana cikinsu, canel biyu da feda ɗaya ta ƙarin gurnani sun ishe ka. Amma in ƙungiyarku na kaɗa waƙoƙin mutane iri-iri, kowace da muryarta, za ka koma rawar ƙafa a kan fedoji biyar a tsakiyar waƙa, kuma za ka yi kewar rak tun a daren farko.

Sitiriyo kam kada ta hana ka barci. Sifika huɗu a akwati ɗaya, da makirfo ɗaya a gabansa, babu wanda ke jin hagu da dama sai kai da kake tsaye a wurin.

Yanzu tsarin sayarwa, wanda a nan mutane suka fi yin asara. Ka jera kayan bisa wuyar sake samunsu, ka fara da wanda ba za ka yi kuka a kansa ba. Fawa ne farko: shi ne mai nauyi, shi ne sabon zai maye gurbinsa kai tsaye. Ka sani dai yakan daɗe bai shiga ba, saboda masu neman wat 200 sun ragu kuma aika shi nesa wahala ne. G-Major kuwa ni da zan riƙe shi. Inci 1.75 ne tsayinsa, hawa ɗaya na rak, zai shiga ƙaramar jaka, zai ba ka eko da amsa-kuwwa ta ramin ifet na sabon, kuma yana da rile, wato makunni na ciki, da zai iya sauya canel na amfilifaya da yawa. Ma'ana fedarka ta MIDI za ta ci gaba da aiki, taki ɗaya ya sauya canel da ifet tare. Sai dai ka bincika abu biyu game da ramin ifet na sabon: ƙarfin siginar da yake fitarwa ya dace da na'urar rak ko na ƙananan fedoji aka yi shi, kuma duk sautin ne ke bi ta cikinsa ko rabi ne yake bi ya dawo ya gauraya. In mai gaurayawa ne, dole ka kashe busasshen sauti, wato wanda ba a sa wa ifet ba, a cikin G-Major, in ba haka ba za ka ji muryar ta yi rami kamar ana magana a bututu.

JMP-1 shi ne na ƙarshe. An daina ƙera shi, masu nemansa suna nan, kuma mai lafiya ba kullum ake samu ba. Sabon amfilifaya yana nan a kasuwa wata mai zuwa, da baɗi ma. Naka in ya tafi, sai abin da ka tarar. In kuɗin fawa bai kai ba, gara ka jira ka cike da aljihu, ko ka nemi sabon a hannu na biyu. Kuma ka sayar ɗaya-ɗaya. Mai sayen rak dungurungum yakan taya da farashin sari, domin abu ɗaya yake so a ciki, sauran zai sake sayarwa ne. Kafin komai ya bar hannunka, ka kwashe saitinka zuwa kwamfuta ta MIDI, ko ka rubuta lambobin a takarda, kuma ka faɗa wa mai saye shekarun bawul da duk wani maɓalli mai ƙarar yashi.

Batun baya kuma, kada ka yaudari kanka. Amfilifaya mai wat 50 da taransifomominsa biyu ba ƙaramin kaya ba ne, kuma akwati mai sifika huɗu irin Marshall 1960 ya haura kilo 35 shi kaɗai. In ka sayar da rak ka riƙe akwatin, ka sauke ƙaramin kaya ka bar babba. Akwati mai sifika biyu, ko ma ɗaya, shi ne zai yi wa bayanka adalci, kuma a ƙaramin ɗaki ya fi sauƙin sarrafawa.

Na san wani zai ce ka bar bawul baki ɗaya ka koma dijital, irin Axe-Fx da ya fito a 2006, ko Helix na 2015, ko Kemper mai iya kwafar muryar rak ɗinka kafin ka rabu da shi. Hanya ce mai kyau ga mai son saiti ɗari a jaka ɗaya. Amma kai abin da ya kama ka shi ne yadda bawul ke amsa yatsa, don haka ban ga dalilin karkatar da kai can ba.

Da ni ne, wannan makon zan cire G-Major in saurara, in canza ECC83 ɗin nan biyu, in kai fawa a duba masa bayas. Mako na gaba in yi gwajin musayar nan uku a kan akwatina, in kai sabon wurin atisaye ya sha ganga da bes, domin amfilifaya da yawa suna da daɗi su kaɗai, su nutse in an taru. In har JMP-1 ta ramin Return na sabon ya ba ka abin da ka ji ranar, ka sa fawa da babban akwatin a kasuwa, ka sayi sabon da akwati mai sifika biyu, ka riƙe sauran wata shida. Abin da ka ga ƙura ta rufe shi a cikin watannin nan, shi za ka sayar.